Wa Ya Kashe Auta?

Auta ya haura shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya, gashin kansa ma ya fara ja da baya, amma har yau Auta ake ce masa, don yayarsa da ta raine shi ba ta taɓa yarda a kira shi da wani suna ba. Katifa yake sayarwa a wani babban shago mai ƙofar gilashi. Ba shi da zaƙin baki irin na abokan aikinsa. Dabara ɗaya ya iya: in mai saye ya tsaya yana matsa katifa da yatsa yana ɓata fuska, sai Auta ya cire takalmi, ya hau, ya miƙe, ya rufe ido. Duk wanda ya ga yadda ya kwanta sai ya ji nasa bayan ya fara ciwo.

Wata safiya wani mutum ya shigo, sanye da hular hana sallah da ya juya bakinta baya, ya ce yana neman katifa mai tauri. Auta ya kai shi gaban wata, ya hau, ya yi abin da ya saba. Ya ji shiru. Can ya ji mutumin ya ce, "Kada ka motsa."

Bai motsa ba. Mutumin ya tafa hannu a kusa da kunnensa. Ya ɗaga masa hannu ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya zagaya, ya goge ƙafafu, ya tashi. Auta dai a ransa yana cewa kowane mai saye da irin gwajinsa.

"Malam, tashi," in ji mutumin. "Ka taɓa mutuwa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Da sauƙi dai."

"Ni darakta ne. Muna ɗaukar fim mai dogon zango, na binciken kisan kai, kuma gawa ta gagare mu. Na farko yana ƙifta ido. Na biyu tumbinsa hawa yake yana sauka kamar ana hura balan-balan. Na jiya kuwa, muna tsakar ɗauka wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce wa matarsa yana wurin aiki. Kai baiwa gare ka. Ban taɓa ganin mai rai da rai bai dame shi ba kamarka."

Auta bai san ko yabo ba ne, amma ya yi godiya. Darakta ya karɓi lambarsa ya fita, bai sayi katifar ba.

Matar Auta ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, har shi mijin. Da ya ba ta labari bayan ta dawo daga asibiti, ya zaci za ta yi dariya ko ta hana. Sai ta ture teburin falo gefe, ta nuna masa kafet.

"Kwanta in gani."

Ya kwanta, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Wa ya ce maka haka ake yi? Wanda aka kashe ba ya samun lokacin gyara kwanciya. Saki wannan hannun. Buɗe baki kaɗan. Kaɗan na ce, ba likitan haƙori ka zo gani ba. Yanzu numfashi ta baya, ba ta ciki ba."

"Ta baya kuma, Sista?"

"Gawa ba ta tambaya."

Suna cikin haka maƙwabciyarsu ta yi sallama ta shigo aron dutsen guga. Ta ga maigidan a yashe a ƙasa, baki a buɗe, matar na tsaye a kansa riƙe da ƙugu. Ta ja da baya ta dafe bango.

"Tsallake shi kawai," in ji Sista. "Yana kan firij."

Ranar ɗauka aka kai shi wani ofis a saman bene, aka sa masa kwat da ta fi shi faɗin kafaɗa. A labarin, shi shugaban wani kamfanin inshora ne da aka tsinci gawarsa a bayan teburinsa, da cokalin shayi a hannunsa na dama. Mai kwalliya ta shafa masa hoda mai ruwan toka, ta ɗiga masa jini a gefen baki. Zuma ce da jan kala. Aka ce ya kwanta, ya kwanta.

Wanda ke fitowa a Sufeto dogon mutum ne mai gashin baki, kyakkyawa, amma ba ya riƙe magana. Abin da zai faɗa bai wuce, "Wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, kashe shi aka yi," amma duk sanda ya durƙusa kusa da gawar sai maganar ta gudu. Aka yi ta maimaitawa. A wani zagayen ya taka wa Auta ɗan yatsa da dugadugin takalmi, ya kuma tsaya a kai yana tunani. Kiyashi suka gano zumar, suka jero daga ƙarƙashin tebur, suka hau wuyan kwat. Auta bai ko girgiza ba. Da rana ta take, darakta ya ce a je a ci abinci, kowa ya fita, aka kashe fitila, aka ja ƙofa. Ba wanda ya ce wa gawa ta tashi, ita kuma ba ta tashi ba. Hannunsa na dama ne kawai ya yi sanyi har ya daina jin sa, sai ya lallaɓa ya mayar da cokalin hannun hagu.

Da suka dawo suna sakace, darakta ya kunna fitila ya gan shi yadda ya bar shi. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Ku zo ku ga aiki," ya ce wa sauran. "Ku da kuke da rai, ku ji kunya."

Abin da Auta ya manta shi ne gaya wa Yaya.

Yaya ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare kafin ta yi ritaya, kuma tun daga ranar ta mayar da duk hankalin da take sa wa yara kan finafinan bincike. Na da da na yanzu, masu kala da marasa kala, ba wanda ya wuce ta. Kafin a kai tsakiyar fim ta nuna mai laifi da tsinken gilashinta, in kuma aka ƙare ba shi ba ne, sai ta ce masu fim ɗin ne suka yi kuskure. Da yammar da aka saki kashi na farko tana zaune a kujerarta. Kyamara ta zagaya tebur, ta sauka kan wata fuska, sai ga ƙanenta da kiyashi a wuya.

Wayar Auta ta yi ƙara yana shago.

"Wa ke magana?" in ji Yaya.

"Ni ne, Yaya. Ai ke kika kira."

"Kada ka je ko'ina."

Ta iso shagon ɗankwalinta a karkace. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta kama kunnensa ta murɗa, ya yi ƙara, ta saki. Sannan ta zauna a bakin wata katifa, ta cire gilashi, ta goge idanunta da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Auta ya durƙusa a gabanta yana ba da haƙuri. Da ta mayar da gilashin, muryarta ta dawo ta shugabar makaranta.

"To. Wa ya kashe ka?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya."

"Kana wurin fa."

"Idona a rufe yake."

"Kunnenka ma a rufe yake? Wa ya shigo kafin 'yan sanda? Ka ji ƙamshin turare? Wannan sakatariyar mai jan farce, tun yaushe take aiki da kai?"

"Yaya, ran nan na fara ganinta. Ban ma gan ta ba, muryarta na ji."

"Haka kake tun kana yaro. A cuce ka, a tambaye ka wa ya yi, ka tsaya kana kallon mutane."

Fim ɗin ya karɓu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu kallo shi ne cokali. A farkon fitowa yana hannun dama, bayan Sufeto ya juya ya dawo yana hannun hagu. Mutane suka yi ta muhawara a waya da wuraren aiki. Wasu suka ce makashin yana cikin ɗakin a lokacin, wasu suka ce gawar ce take ba da saƙo. Yaya ta ce duk wanda ya gane zancen cokalin ya gama fim ɗin. Auta ya gaya mata hannunsa ne ya yi sanyi, ta ce kada ya raina mata hankali.

A shago kuma mutane suka fara zuwa kallon gawa. Manaja ya ga dama ta samu, ya sa aka jawo katifa mafi tsada gaban gilashi, ya ce Auta ya riƙa kwanciya a kai daga buɗewa zuwa tashi. Jama'a suka cika bakin titi suna ɗaukar hoto, amma ciniki ya tsaya cak. Wata mata ta ce wa Manaja ita ba za ta kai wa mijinta katifar da ake kwanciya a kai ba a tashi ba.

Yaya kuwa kullum sai ta kira bayan kowane kashi. Yau direban mamacin take zargi, gobe abokin kasuwancinsa, jibi ta koma kan sakatariya. Ta hana Auta shan shayi a ko'ina sai gida. Ta tambayi Sista, cikin ladabi, ina take a ranar da abin ya faru. Sista ta ce tana ɗakin haihuwa, kuma akwai mata da jarirai da za su ba da shaida.

Ana dab da ƙarshen zango darakta ya sake kira. Ana bukatar a nuna shugaban kamfanin da ransa, a safiyar da aka kashe shi. Abu ne mai sauƙi, in ji shi: ya buɗe ƙofa, ya taka zuwa tebur, ya ce a kawo masa shayi, ya zauna. Yaya ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Aka sa masa kwat ɗin nan, aka tsayar da shi bayan ƙofa, darakta ya ce a fara. Auta ya buɗe ƙofa ya yi sallama, ya gaida mai kyamara, ya tambaye shi iyali. Aka tsayar. Aka sake. Wannan karon bai gaida kowa ba, amma hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama tare suke tafiya, kamar an ɗaure su da igiya. Aka sake. Ya iso tebur lafiya, ya dubi sakatariya, sai ya ji nauyin aiken matar da bai sani ba, ya ce, "Don Allah in ba damuwa, ko da yake bari in haɗa da kaina." Aka yi ta yi har gumi ya wanke hodar. Darakta ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Malam, a gida yaya kake yi? Yaya kake tafiya in ba a kallonka?"

"Ban taɓa lura ba, ranka ya daɗe."

"Mutum ya iya mutuwa haka, a ce rayuwa ta gagare shi."

Duk wannan Yaya ba ta gani ba, tana baranda ta tara 'yan wasa tana yi musu tambayoyi. Da ta gama ta shigo ta tsaya a kan darakta.

"Kai ne babba a nan? Ni yayar mamacin ce. Ba na son dogon zance. Wa ya kashe shi?"

Darakta ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Mama, tsakanina da ke, ban sani ba. Marubucinmu ya samu aiki a banki, ya tafi bai rubuta ƙarshen ba. Na kira shi, ya ce shi ma bai yanke shawara ba."

"Cokalin fa?"

"Wane cokali?"

Yaya ta nemi wurin zama. "Wato kun kashe min ƙane, kun kwantar da shi kiyashi na bin sa duniya na kallo, ba ku ma san wanda ya yi ba."

Ta faɗa da ƙarfi, kuma 'yan wasan da ke bakin ƙofa sun ji. Kowannensu ya san wanda ya yi kisan shi ne mai babbar fitowa a kashi na ƙarshe, shi zai yi kuka, shi zai yi jawabi, shi za a riƙa nunawa a titi. Sun kuma ga yadda darakta ke sunkuyar da kai a gaban matar nan. Kafin a ce me, direba ya kawo mata kujera mai taushi. Sakatariya ta kawo ruwan sanyi.

"Mama, ni na kashe shi," in ji direban, yana durƙushe. "Ki duba idona. Shekara da shekaru yana wulaƙanta ni a mota."

"Ƙarya yake, Mama," in ji sakatariya. "Wa yake haɗa masa shayi? Ni ce. Tun kashi na biyu nake murmushin mugunta, ba wanda ya sa ni."

Abokin kasuwancin ya ture su, ya ce shi ne zai ci kamfanin, kuma ya riga ya ɗinka kwat ta zuwa kotu. Har mai gadin da aka nuna bayansa sau ɗaya ya ɗaga hannu. Auta na zaune a gefe yana jin mutane na rantsuwa da Allah su suka kashe shi. Bai taɓa ganin an yi rububinsa haka ba, har ya ji wani irin daɗi. Sufeto ne kaɗai bai nema ba, kuma abin ya ɗan sosa wa Auta rai.

Yaya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya ta saman gilashi.

"Kai, da waɗannan siraran hannuwan? Ke kuma ko ruwan nan da kika kawo kin zubar da rabi a hanya. Kai mai kwat, je ka zauna. Yaron nan ni na goya shi. Ba zan zauna ina kallo wani bare da bai san zafinsa ba ya zo ya kashe shi a banza."

Darakta ya ɗago kai a hankali. Ya dubi Yaya, ya haɗa yatsunsa ya leƙa ta tsakaninsu.

"Mama, shugaban kamfani ba zai rasa yaya ba."

Ta gane nufinsa. Ta ce Allah ya kiyaye, ita da ta yi shekaru tana tarbiyyar 'ya'yan mutane. Direba ya matso da sauri ya ce to shi a shirye yake. Yaya ta dube shi, ta dubi ƙanenta, ta miƙa wa sakatariya kofin.

"In dai dole sai an kashe shi, gara na gida."

Matsalar Auta ma a nan ta warware. Darakta ya ce ba sai ya yi tafiya ko magana ba. A zaunar da shi a kujerar ofis, ya jingina, ya rufe ido kamar gubar ta fara aiki, yayar ta tsaya a kansa ta gaya masa dalili. Da ya fara tunanin abin da za ta faɗa, Yaya ta ce ya bar shi, tana da dalilai.

Aka kunna fitilu. Ta ajiye jakarta a kan tebur, ta dubi ƙanenta.

"Ka zama babban mutum," ta ce. "Sai na kira ka kake tunawa da ni. In na kira, ka ce kana da mai saye. Gidana da gidanka mota ɗaya ce, amma famfon bayan gidana wata nawa yana zuba, ka ce za ka zo da mai gyara. Kular da na aiko muku da abinci ranar da ƙaramarku ba ta da lafiya, har yau ba ta dawo ba, da murfinta."

Mai kyamara ya dubi darakta. Darakta ya yi masa alama ya ci gaba.

"Da mahaifiyarmu ta rasu ko takalmi ba ka iya sawa daidai ba. Ni nake kai ka makaranta in wuce tawa a makare, a dake ni, ban taɓa gaya maka ba. Da ƙyanda ta kama ka, a bayana ka kwana har ka warke, in na sauke ka sai ka yi kuka. Yanzu sai a talabijin zan ga ka mutu, tare da kowa da kowa, kamar wata maƙwabciya."

Muryarta ta karye a nan, ba kuma wasa ba ne. Sakatariya na share ido da bayan hannu don kada farcenta ya tsone ta. Auta, wanda dugadugin Sufeto da kiyashi ba su motsa shi ba, ya ji haɓarsa na rawa. Ya daure, ya yi numfashi ta baya kamar yadda aka koya masa, bai yi amfani ba. Ya zamo daga kujerar ya durƙusa ya kama gefen zanenta.

"Yaya, ki yafe ni. Wallahi gobe zan kawo kular."

"Koma ka mutu, ana ɗauka," in ji Yaya, tana jan hanci.

Darakta bai sake ɗauka ba. Ya yanke daga inda haɓar ta fara rawa, masu kallo kuma suka ce ba su taɓa ganin an nuna aikin guba da kyau haka ba. Wurin kamu ne aka sha wahala, don Yaya ta ce ba mai sa mata ankwa, kuma ba za ta bi bayan yaron da bai iya haddace layi ɗaya ba. A ƙarshe ita ta shige gaba, Sufeto na biye da ita riƙe da jakarta.

Bayan an nuna kashin ƙarshe, unguwarsu Yaya ta canza. Masu haya a gidan da ke kusa suka daina ƙure rediyo. Mai kanti ya riƙa zaɓo mata ƙwai da kansa yana ɗaga kowanne a rana. Jikokinta, in ta ce a yi aikin gida, ba mai cewa sai an jima. Manaja ya janye katifar daga gaban gilashi, Auta ya koma cikin shago, ciniki ya farfaɗo. Ranar hutunsa Auta ya zo gidan Yaya da mai gyaran famfo, ya zauna har yamma, mako na gaba ma ya dawo ba a kira shi ba, da Sista da yaran.

Da aka fara zango na biyu, darakta ya ce ba zai iya rabuwa da shi ba, amma fuskarsa ta riga ta mutu, ba a kashe mutum sau biyu. Sai aka ba shi wata gawar a mutuware, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, tafin ƙafafunsa kawai ake gani. Yaya ma an riƙe ta, tana kurkuku, Sufeto na zuwa neman shawararta in bincike ya cije masa. Ranar da za a ɗauki fitowar ƙafafun ta zo da wuri, ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta ce ba za a nuna ƙanenta da wannan faso ba. Aka dakatar da aiki, ma'aikata suka zauna a kan akwatunan fitila suna jira, ita kuma ta jawo kujera, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta buɗe kwalbar man shafawa.